Baba, me ya haɗa tantabaru da rubuta labarin tarihi?

Wata 'yata mai rubuta littafinta na farko a waya ta aiko mini da tambaya. Na taƙaita ta haka: "Baba, ina rubuta labarin wata mata a cikin birni, shekarar da Turawa suka ci Kano. Na karanta tarihi, na haddace shekaru da sunayen sarakuna, amma babi ukun da na gama sun fito kamar amsar jarrabawa. An ce mini kai ba ka fara rubutu sai ka saurari tsofaffin kaset, kuma rabin safiyarka a ɗakin tantabaru take ƙarewa. Da gaske ne? In da gaske ne, me ya haɗa wannan da rubutu?"

'Yata, da gaske ne, sai dai mai ba ki labarin ya ƙara gishiri. Tantabarun ba sa cin rabin safiyata. Daga dawowata masallacin asuba ne zuwa lokacin da yara za su fara neman kuɗin koko: in watsa musu dawa, in sauya ruwa, in leƙa tukwane in ga wadda ta yi ƙwai. Kuma ya manta da mage, wadda ta fi kowa shiga harkar rubutuna, don a kan takarduna take kwana.

Na karanta babi ukun naki. Shekarunki daidai suke, sunayen sarakuna ma ba ki kuskure ko ɗaya ba. Abin da ya kashe labarin shi ne matar da kika ƙirƙira ta san duk abin da ke kika sani. A shafi na huɗu kin tsayar da ita bakin rijiya, guga a hannu, tana tunanin wai mulkin mallaka ya zo, daular Usmaniyya ta kusa faɗuwa. Wa ya gaya mata? Ke ce kika karanta ƙarshen zancen a littafi. Ita tana tsakiyarsa. Ba ta sani ba ko mutanen nan ganima za su kwasa su wuce kamar yadda mahara suka saba, ko Sarki zai dawo ya fatattake su kafin Sallah. Shekara goma ba ta cika ba da ta ga Basasa da idonta, Tukurawa da Yusufawa, 'yan gida ɗaya suna kashe juna daga 1893 zuwa 1895, aka fitar da sarki aka shigo da wani. A wurinta wannan ma wata fitinar ce irin waccan, Allah Ya kawo ta, Allah zai ɗauke ta.

Ɗauki ranar kanta. Littafi zai ce miki Talata, 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fasa Bebeji a hanya, ta iso ta ci Kano a rana ɗaya, Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa wajen sabon Sarkin Musulmi Attahiru. Duk gaskiya ne. Amma matarki ba ta san wani abu wai shi Fabrairu ba. Abin da ta sani shi ne an sha ruwa wata guda da 'yan kwanaki da suka wuce, ana farkon Zulƙida ta shekarar 1320, sanyi bai gama tafiya ba, ƙafafun yara duk faso, kuma saura kamar mako biyar a yi layya.

Da gangan na yi miki wannan lissafin. Matar kulle a birni, mai 'yar sana'arta ta kaɗi ko fura, ina take ajiye dukiyarta a irin wannan lokaci? Tana nan ɗaure a turke a tsakar gida. Rago ne. Ta saye shi ramamme bayan kaka, wata da watanni tana ɗura masa dusa da harawa da ruwan kanwa, kullum in ta shafa bayansa tana lissafin zambar nawa na wuri zai kawo mata in Sallah ta matso, don da su za ta ƙarasa kayan ɗakin 'yarta. To ran da igwa ta tashi daga yammacin gari, maigida ya shigo a gigice ya ce a tattara a fita, tambayar da za ta fara zuwa bakinta ba ta daula ba ce. "Ragon fa?" Turkakken rago bai taɓa fita zaure ba, ƙiba ta yi masa yawa, ba zai kai ko bakin ganuwa ba sai ya durƙushe. In ta bar shi, sojan wani ya ci. In ta ce za ta sayar yau, wa ke sayen rago ana gudun rai? In aka yanka, wahalar wata huɗu ta tafi a miyar dare ɗaya. Ga babinki na farko nan. Duk abin da kike son mai karatu ya ji game da faɗuwar birni zai ji shi a igiyar ragon nan, ba sai kin ambaci daula ko sau ɗaya ba.

Abin da nake nema a ɗakin tantabaru ke nan. Kanon 1903 ta tafi ta bar mu. Ganuwa ta zaizaye, an yi gidaje a kanta. Kududdufan da aka haƙa don yin tubali an cike yawancinsu an kafa shaguna. Jakara ta koma magudanar ƙazanta. Amma tantabara tana nan yadda take. Ƙwai biyu take yi. Kwana 18 take kwanci, ko da ɗan ƙari ko ragi. Namijin yakan karɓe ta daga hantsi zuwa la'asar, ita kuma ta kwana a kai, in sun ƙyanƙyashe su biyun ke ɗura wa 'ya'yan abinci daga maƙoshinsu. Abin da yaron da ya yi kiwonsu a Yakasai zamanin Sarki Alu ya gani da safe, shi nake gani da nawa idon, ba ragi. Ba ni da wani abu na wancan zamani da zan iya riƙewa a hannu in ji ɗuminsa in ba wannan ba.

Kuma ba banza ake mata kirari da uwar alkawari ba. Na taɓa sayar wa wani mutumin Fagge guda biyu, mace da namiji. Kwana uku na tarar da su a bakin tukunyarsu. Na mayar, suka sake dawowa. A karo na uku sai na mayar masa da kuɗinsa, muka rabu lafiya. To ki tuna cewa 'yan watanni bayan cin Kano, da Sarkin Musulmi Attahiru ya ratsa ya nufi gabas, mutane da yawa sun bar gida da gona sun bi shi da niyyar hijira, tafiyar da ta ƙare a Burmi cikin Yulin shekarar. Gidajen da suka bari fa? Ƙofa a karkace, murhu ya huce, amma da almuru tantabaru suna sauka a kan katanga suna guguwar kukansu, suna jiran mai watsa dawa. Na daɗe ina ajiye da wannan hoton ban samu inda zan sa shi ba. Na ba ki, kyauta.

Sai dai ki kula, kada ki ɗauko dabbar finafinan waje ki saka a gidan Bahaushe. A gidanmu kowace dabba da aikinta. Mage ta ɓera ce, kare na farauta da gadi ne kuma iyakarsa waje, jaki na kaya, kaza ta baƙo. Ƙauna tana nan, faɗarta ne ba a yi. Magen gidana ta kai shekara bakwai tare da mu, har yau ba ta da suna, Mage ce kawai. Uwargida kullum cikin korarta take, tana cewa ɓarauniya ce, kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma da ta ɓace kwana huɗu a wata damina, ita ce ta tashi yara suka bi maƙwabta gida gida, da ta dawo kuma ita ta zuba mata romo a murfin kwano, tana zuba tana zaginta. Haka mutanen labarinki suke son junansu. Na ga matarki tana kiran mijinta da sunansa, har tana ce masa ba za ta iya rayuwa ba shi ba. Haba 'yata. Macen da ba ta iya faɗin sunan ɗanta na fari don kunya? Ki bar ta ta ajiye masa ruwan alwala da ɗumi a ranar da take fushi da shi, mai karatu zai gane sauran.

Doki kuwa shi ya taɓa kunyata ni, gara ki ji don kada ki maimaita. A wani littafina na farko-farko na sa wani manzo ya sukwano doki tun daga Bebeji har cikin birni, ya dira a ƙofar gida, aka kawo wa dokin ruwa a masaki ya sha ya ƙoshi, shi kuma manzon ya shige zaure yana ba da labari. Littafi ya fito ya shiga kasuwa. Wata Juma'a bayan an sallame sai wani tsoho da ya ƙare rayuwarsa a barga ya tare ni, ya ce, "Malam, kai ne ka kashe dokin nan?" Na ce ai bai mutu ba a labarin. Ya ce to a wurinsa ya mutu. Ba dokin da zai yi sukuwa tun daga Bebeji bai faɗi a hanya ba, ana yi ne ana sassautawa. Wanda kuma ya iso jiƙe da gumi ba a sake masa ruwa haka. A sassauta majayi, a zagaya da shi har jikinsa ya huce, sannan a ba shi kaɗan kaɗan. Ya ƙara da cewa na rubuta "baƙin doki", alhali mai doki akawal yake cewa, kamar yadda yake cewa kili da danda da hurde. Ban ce uffan ba. Washegari na sayi goro na bi shi har gida, na yi wata biyu ina zuwa.

Yanzu kiɗa. A nan kam ba a juya miki zancen ba. Ba na rubutu kiɗa na tashi, don waƙa mai baiti ƙwace mini harshe take yi, sai in ga jimlolina suna bin karin mawaƙin. Kafin in zauna nake saurara, in kashe rediyon, sannan in ɗauki biro.

Dalili na farko shi ne birnin da kike rubutawa birnin kunne ne. Ba lasifika, ba janareto, ba adaidaita sahu. Da Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya zo a 1851 ya ƙiyasta mazauna garin da kamar 30,000, kuma babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. A irin wannan gari sauti yana tafiya nesa. Matar kulle ba ta ganin kasuwar Kurmi, amma tana jin garin gaba ɗaya daga bakin murhunta, kuma ta iya karanta shi. Muryar ladan ba da na'ura ba. Lugude daga gidaje uku a lokaci guda, har ta san tabaryar wace ce ta fi nauyi. Da hantsi maɓuga sun fara dukan baƙin yadi a kan gungume don ya yi ƙyalli. Kalangun mahauta ya tashi, ta san an yi yanka. Guɗa daga kudu, to an haihu ko an kawo amarya. Da farin wata 'yan mata suna gaɗa a dandali. Kowace sana'a da kiɗanta, kowane babban mutum da takensa, yaro ma ya san bambancinsu.

Sannan kakaki. Tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ake busa shi a Kano, kuma na sarki ne, inda sarki yake nan yake. To Sarki Alu ya bar gari tun bayan ƙaramar Sallah. Ki zauna ki yi tunanin wannan. Kusan wata guda matarki tana jin garin da wani abu ya ɓace a cikinsa, kamar miyar da aka manta gishiri, kafin ma kowa ya ce Nasara sun taso. Sai ran Talata wasu sautuka suka shigo da kunnenta bai taɓa ji ba: igwa mai girgiza ƙwarya a kan danki, bindiga mai ruwa da ba ta tsayawa a ɗura mata, washegari kuma begila da sassafe a inda ta saba jin algaita. Mai yiwuwa shekarar ta ƙare ba ta sa farar fata a idonta ba. Rundunar ba ta kai mutum dubu ba, fararen cikinta 'yan gomomi ne, sauran duk baƙaƙe, da yawansu Hausawa. Ni abin da zai fi tayar mini da tsigar jiki a labarinki shi ne ta ji ana dukan ƙyauren zaure, ta saurara, ta ji wanda ke dukan Hausa yake yi, irin tata.

Dalili na biyu na jimla ne. Ki je inda ake kiɗan kalangu ki zura ido a hammatar makaɗin, ki bar hannun da ke riƙe da makaɗi. Yana matse tsarkiya sauti ya hau, ya sassauta ya sauka. Da haka ganga take magana, don Hausa kanta hawa da sauka ce, shi ya raba kukan da yaro ke yi da kukar da ake miya da ita. Jimlar da aka yi tunaninta da Hausa tana da wannan karin. Wadda aka yi tunaninta da Turanci aka sa mata rigar Hausa, ido zai wuce ta, baki ne ba zai yarda ba. Na samu irinsu a babinki. Kin rubuta "zuciyarta ta tsallake bugu ɗaya". Kakarki ba ta taɓa faɗin haka ba, gabanta ne yake faɗuwa. Kin ce "ya ɗauki numfashi mai zurfi", alhali ajiyar zuciya ya yi. Kin ce "shiru ya faɗo a ɗakin". Daga ina ya faɗo, daga azara? Ɗaki tsit yake yi. Ba laifinki ba ne ke kaɗai, duk wanda boko ya rena yana da wannan ciwon, ni ma ina fama da nawa. Maganinsa ki karanta kowane shafi da ƙarfi. Inda harshenki ya yi tuntuɓe, ki tona wurin, za ki tarar da Turanci a binne. Ni mage nake karanta wa, ba ta gyara mini komai, amma tana sa in buɗe baki.

Akwai kuma abin da na koya wurin makaɗan fada game da ginin littafi. Jagora yakan tafi yawo, ya shiga tarihin kakanni, ya yi zambo, ya yi habaici, har ki ce ya ɓata. Sai 'yan amshi su dawo da shi gida da layin nan guda ɗaya. Layin bai sauya ba, amma duk dawowarsa nauyinsa ƙaruwa yake, saboda abin da aka faɗa a tsakani. Ragonki shi ne amshinki. Ki tafi duk inda labari ya kai ki, bayan babi biyu ko uku ki dawo turke mu ga halin da yake ciki.

Ƙananan abubuwa kuma, waɗanda mai karatu ɗan birni ba zai yafe miki ba. Matarki ba za ta ce Turawa ba, Nasara za ta ce. Turawa a bakinta su ne Larabawan Tarabulus da Gadamas masu fatauci ta hamada, unguwarsu ma tana nan har yau da sunanta, Dandalin Turawa. Kuɗinta wuri ne, ana ƙirga shi da zambar, keso guda 20,000 ne, don haka ki cire sulen da kika sa a hannun mai talla. Ba ta da ashana, ƙyastu ne ko a aiki yarinya ta ɗebo wuta a maƙwabta. Ba ta san ƙarfe nawa ba, ta san asalatu da hantsi da walaha da la'asar sakaliya da almuru. Ƙofofin gari 13 ne, ana rufe su da dare, kowace da sarkin ƙofarta, kuma ba za ki fitar da kowa ta Sabuwar Ƙofa ko Ƙofar Famfo ba, don daga baya aka huda su. Sabon Gari babu shi. Jirgin ƙasa sai 1911 ya iso, dalar gyaɗa kuma bayansa ta biyo. Goron da take ɓantara a jakuna ya zo tun daga Gwanja, tafiyar watanni a bayan madugu, saboda haka ba a rabonsa kamar gyaɗa.

Wani abu guda da na lura kin tsallake shi gaba ɗaya, kuma na san dalili, don ni ma na tsallake shi a littattafaina na farko. Bayi. Gidan da kika zana na mai hali ne, mai zaure biyu da doki a turke. Wa ke daka a gidan? Wa ke ɗebo ruwa, wa ke zuwa kasuwa tunda uwargida ba ta fita? A Kanon wancan lokaci amsar a fili take, kuma har ran da Nasara suka shigo ana sayar da mutane a kasuwa. Su suka rufe wannan cinikin, kuma a watannin da suka biyo baya bayi da yawa sun kama hanya sun tafi. To ga mata biyu a tsakar gida ɗaya, igwa ɗaya suka ji. Ɗaya duniyarta ce ke rushewa. Ɗayar, wadda aka kamo tana yarinya daga wani gari da ta kusa manta sunansa, me ta ji? Ban ce murna ta yi ba. Mai yiwuwa ta fi uwargijiyarta tsoro, don ita ta riga ta san abin da ake yi wa mata in an ci gari. Mai yiwuwa kuma a daren nan ta kasa barci tana ƙoƙarin tuno ta wace ƙofa aka shigo da ita. Kuma kar ki manta, ita ce ke ba ragon dusa kullum, ita ya sani, in ta gifta shi yake kuka. In kika iya riƙe matan nan biyu ba ki mayar da ɗaya mala'ika ɗaya shaiɗaniya ba, kin yi abin da da yawanmu manya muka kauce wa.

Game da inda za ki nemi abin da ya rage. Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci wani Bature mai suna Palmer ya fassara da Turanci a 1908, zai ba ki su Bagauda da Yaji da Rumfa, amma a kan Sarki Bello ya tsaya, wanda ya rasu a 1893, bai kawo shekararki ba. Rahotannin Nasara suna ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna. Sun iya ƙirga, za ki samu farashi da adadi, sai dai ki riƙa tuna cewa wanda ya yi kaye ne ke ba da labarin kokawar. Gidan Makama ki je da ƙafarki, ki tsaya gaban tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi, ki ƙiyasta nauyinsu a jikin mutum. Ki hau Dala da safe cikin hazo ki ga iya inda ido ke kaiwa. Waɗanda suka ga ranar duk sun riga mu gidan gaskiya, amma jikokinsu suna nan, tsofaffi ne yanzu a lungunan Madabo da Sharifai da Alfindiki. In kin je kada ki ce kin zo neman tarihi, za su tura ki wurin malamai. Ki tambayi tsohuwa me kakarta ta ce sun ci a ranar, a ina suka ɓuya, wa aka bari a gida. Ki tafi da goro, kuma kada ki yi gaggawar tashi, abin da kika zo nema yakan fito ne bayan kin ce za ki tafi.

Manyan da tarihi ya san sunansu kuwa, Sarki Alu da aka kai Lakwaja ya rasu a can, Waziri Ahmadu da ya faɗi a Kwatarkwashi, Abbas da aka naɗa, ki bar su daga nesa. Zuriyarsu na raye, ba daidai ba ne ki sa musu maganar da ba su faɗa ba. Labarin ma ya fi ƙarfi a haka. Matarki ba a fada take ba. Labarinsu a bakin mai tallan nono zai riske ta, bayan kwana goma, rabinsa ƙarya: yau a ce Sarki yana hanya da dawaki dubu, gobe a ce an gan shi ya yi arewa, jibi a ce Waziri ya yi shahada, ita kuma ta rasa wanne za ta kama, ga Sallah tana ta matsowa.

Ki sake babi na farko. Kafin ki taɓa wayar, ki nemi wata a unguwarku da ke turka rago, ki yi safiya uku a wurinta. Ki dama masa dusar da hannunki, ki share ƙarƙashinsa, ki ji warin, ki tambaye ta yadda take ji ran da mai saye ya zo ya kwance igiyar. In kin gama ki aiko mini a takarda in da hali, idona ba ya jure karatu a waya. Zan dawo miki da ita da jan biro, wataƙila da sawun mage a shafin farko.